Bindiga da Wanda Ya Tsaya Mata

Akwai wata ƙara da ta yi ƙaura daga garuruwan arewacin Yobe ba tare da an yi mata rakiya ba. Ƙara ce guda ɗaya, mai nauyi, da kan tashi daga bayan gari da hantsi ko da la'asar, ba ranar hawan salla ba, ba kuma don an ga barewa ba. Maƙeri ne ya gama ɗaura sabuwar bindigar toka, ko ya gyara tsohuwa, aka fita da ita gwaji. A Yusufari da Gashuwa da Nguru, da ƙauyukan Mangawa da Badawa da ke tsakaninsu, in an ji wannan ƙara ba mai ajiye abin da yake yi, sai dai yara su kwasa a guje su je kallo, su tarar farin hayaki bai gama watsewa ba, warin albarushi yana yaji a hanci. Yau kuwa harbi ɗaya a bayan gari ya isa mata su tattara 'ya'yansu, 'yan tireda su ja ƙofa, a shiga bugun waya ana tambayar ko lafiya. Maƙeran suna nan, suna ƙera fartanya da lauje da gatari, maharba ma ba su ƙare ba. Gwajin nan na bainar jama'a ne ya ja baya, a daidai lokacin da bindigogin masana'anta suka cika ido, doguwa a kafaɗar soja a shingen bincike, ƙarama a ƙugun hafsa.

Ƙaramar nan, wato fistol mai ɗura kanta, wadda in an harba take tofar da kwanso ta ɗauko wani harsashin ba tare da an sa mata hannu ba, ta fi bindigar toka ta kowace fuska da za a iya aunawa, kuma ba da wannan nake ja ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake sanin ta ƙwarai. A ganina amincin bindiga, tsohuwa ko sabuwa, bai taɓa zama a cikin ƙarfe shi kaɗai ba. Kullum akwai wanda ya tsaya mata, wanda ya gwada ta ya ba da shaida, wanda kuma za a iya riƙe masa riga in ta ci amana. Kakanninmu ƙarfensu ba shi da kyau, amma sun san wanda ya tsaya masa. Turawa suka maye gurbin wannan mutum da hukuma da hatimi da littafi, kuma hakan ya fi. Mu a wannan yanki ƙarfen ne ya riga iso mana, hukumar da littafin suna can baya suna jan ƙafa.

A dubi yadda maharbi kan sayi bindiga a da. Ba ya zuwa kasuwa ya nuna da yatsa. Maƙera yake zuwa, ya zauna a kan turmi ko buzu, zuga-zugi na huci, gawayin ƙirya na ja, ya faɗi abin da yake nema, ko ta zabo da agwagwar ruwa ce a fadamun Nguru, ko ta gada da barewa a jejin arewa. Ranar karɓa sai ya ɗaga bututun ya saita shi da rana ya leƙa, yana neman karkata ko tsaga ko gurbin tsatsa. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa ya kasa kunne, domin ƙarfe mai lafiya amonsa daban yake da wanda ya tsage a ɓoye. Ya shafa wurin da aka toshe gindin bututun da babban yatsa, don nan ne ajali ke zama, nan ne daidai fuskar mai harbi. Ya ɗana ya saki, ya ɗana ya saki, yana sauraron ko kunamar tana da ƙarfi ko ta yi lagwani. Ya sa ƙotar a kafaɗa ya ji ko ta zauna. Bayan duk wannan sai a fita bayan gari, a ɗura mata fiye da abin da za a riƙa ɗura mata a daji, a ɗaure ta a kututturen goriba ko aduwa, a ɗaura doguwar igiya a kunamar, kowa ya koma bayan tudu, sannan a ja. In hayaki ya washe aka tarar da ita yadda aka bar ta, ciniki ya faɗa. In ta fashe, asarar maƙeri ce, kuma kafin magariba labari ya gama gari. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙin al'amarin. Ƙira gado ce, gidan maƙera sananne ne, akwai Sarkin Maƙera a kansu kamar yadda maharba ke da Sarkin Baka, saboda haka bindiga tana fita da sunan gidan da ya yi ta ko da ba a rubuta kome a jikinta ba. Wanda aikinsa ya cinye yatsun mutum biyu, to 'ya'yansa ma sai sun ji a cinikinsu.

Wannan sani ba jiya aka fara tara shi ba. Tun a ƙarshen ƙarni na 16, Mai Idris Alooma yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta, kuma kufan birninsa, Ngazargamu, yana nan kusa da Gaidam, gabas da Yusufari. A arewa, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa har ana ƙera masa igwa a cikin birninsa. Rabeh ya ci Barno a 1893 da ƙarfin bindigar da ta fi ta Shehu. Sai dai tun a 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels cewa ba za a sayar wa 'yan Afirka na wannan sashe bindigogin zamani ba, sai masu ɗurin baki da albarushin kasuwa. Wato tsayawar da muka yi a kan bindigar toka ba duka ba ne zaɓinmu, an tsayar da mu ne. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, ya riƙa kwasar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu, ya kuma sauke tarkacen ƙarfe da bututu iri-iri, maƙera suka sami abin aiki cikin sauƙi, suka rage wahalar narka tama.

Wanda duk ya ce zamanin nan na baya ya fi, sai a tambaye shi ko ya taɓa ƙirga yatsun tsofaffin maharba. Bututun ruwa ba don ya riƙe wuta aka yi shi ba. Albarushin ba awo ɗaya gare shi ba, na yau ya yi sanyi, na gobe ya yi zafi, mai ɗuri kuma da tafin hannu yake aunawa. In damina ta sauka, ko raɓa ta yi yawa a bakin kogin Yobe, sai bindiga ta ƙi tashi, ko ta yi shiru har mai ita ya sauke ta daga kafaɗa sannan ta tashi. Harbi ɗaya gare ta, ba banza aka yi mata laƙabi da harba-ka-ruga ba. Shi kansa gwajin igiya yana da rami a cikinsa, domin harbi ɗaya shaidar harbi ɗaya ce kawai, kuma ɗurin da aka ƙara don gwaji yana iya raunana ƙarfen a ɓoye, ya jira wata rana. Sunan maƙeri yana ɓaci ne bayan hannu ya riga ya tafi, ɓacin sunan kuwa ba ya mai da hannu. Farautar ma da ake yi wa kirari tana da nata laifin. Farin 1973 da na 1984, da madatsun Tiga da Challawa da suka rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, su ne manyan masu laifi, amma bindiga da tarko sun taya su share naman daji, har ta kai a 1991 aka sa Dagona da dausayin Bulatura cikin gandun daji na ƙasa na yankin Tafkin Chadi, inda aka hana harbi. Saboda haka ba kewar bindigar toka nake yi ba. Abin da ya cancanci a tuna shi ne cewa mai saye yana ganin gwaji da idonsa, kuma ya san ƙofar da zai buga.

Abin sha'awa shi ne Turawa ma daga wannan igiya suka faro. Gidan gwajin bindiga na Birmingham, wanda majalisar Ingila ta kafa da doka a 1813, aikinsa ke nan: a ɗura wa bututu fiye da ƙima, a harba shi a ɗakin da ba kowa, in ya tsira a buga masa hatimi. Bambancin shi ne an auna ƙarin, an rubuta, kuma sayar da bindigar da ba ta da hatimin laifi ne. A 1914 wasu ƙasashe suka kafa hukumar haɗin gwiwa a Liège ta Beljiyam don su riƙa karɓar hatimin juna, kuma a ƙa'idarsu fistol sai ta jure matsin da ya ɗara na kullum da kusan kashi 30 cikin 100. Amma ga fistol mai ɗura kanta, rashin fashewa somin taɓi ne. Ita kowane harbi nata jerin ayyuka ne da ke faruwa kafin ƙiftawar ido: ƙarfin harbin ya tura murfin sama baya, wani ɗan ƙugiya ya fizgo kwanson, a cilla shi waje, sifirin ya dawo da murfin, murfin ya shafo sabon harsashi daga gidansa ya cusa shi a bututu, ya kulle. In ɗaya daga cikin waɗannan ya makara, bindiga ta cije. Shi ya sa ba a iya gane ta ƙwarai da leƙe ko ƙwanƙwasa. Mai kyan gani da marar kyan aiki duk sheƙi ɗaya suke yi a cikin kwali. Shi ya sa kuma soja da 'yan sanda a ko'ina suka fi son babbar, mai tsawon baki wajen inci huɗu da rabi zuwa biyar, a kan 'yar ƙaramar da ake sakawa a aljihu: nauyinta yana shanye bugun harbi, hannu yana kama ta sosai, sassanta kuma suna da sararin motsi, ba su cika tsiwa ba in harsashi ya ɗan bambanta.

Tunda ido ba ya iya hukunci, sai aka koma ƙirga. Kafin sojan Amurka su karɓi fistol ɗin John Browning a watan Maris na 1911, an harba harsashi 6,000 da guda ɗaya cikin kwana biyu, in ta yi zafi a tsoma ta a ruwa, ba ta cije ko sau ɗaya ba, abokiyar takararta ta kamfanin Savage kuwa ta sami matsala sau 37. Browning Hi-Power da kamfanin FN na Beljiyam ya fitar a 1935, mai cin harsashi 13, ta yi wa rundunoni da dama aiki shekaru gommai, har da tamu, domin masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ta ƙera ta da lasisi, Ingila ma sai a 2013 ta canza ta. Lokacin da sojan Ostiriya suka nemi sabuwar fistol, gasar da Glock 17 ta ci a 1982, sharaɗinsu shi ne kada matsala ta wuce sau 20 a harbi 10,000 na farko, kuma in ta faɗo daga tsayin mita biyu a kan ƙarfe kada ta tashi da kanta. Wannan sharaɗi na biyu yana da muhimmanci, domin amincin bindiga fuska biyu gare shi: ta tashi in an so, ta yi shiru in ba a so ba. Duk mai adalci zai yarda cewa wannan hanya ta fi kunnen maharbi da igiyar goriba nesa ba kusa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, su kuma sun gwada sau dubbai, sun rubuta.

To, wani zai ce magana ta ƙare ke nan: tunda manyan kamfanoni sun yi gwajin, mai neman ta ƙwarai ya karanta sunan da ke jikinta ya huta. Wannan shi ne ra'ayin da ya fi yawa a yau, a bariki da wajen bariki, inda ake kiran Beretta ko Glock kamar sunan ya wadatar. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Beretta 92, wadda Amurka ta karɓa a 1985 bayan doguwar gasa, ba ta daɗe ba murfin wasu ya riƙa karyewa yana bugun fuskar masu harbi, sai da aka yi mata gyara. Da aka kai ta Iraƙi daga 2003, sojoji suka yi ta kukan cijewa, da aka bincika sai aka ga laifin na gidan harsashi ne: an shafe cikinsa da wani rufi mai kaushi, bisa umarnin rundunar da kanta, rufin nan kuwa yana riƙe garin rairayi har harsashi ya kasa hawa. A 2017, shekarar da Amurka ta zaɓi SIG P320 ta gaji Beretta, aka gano irin wadda ake sayar wa jama'a tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya kira a kawo a gyara kyauta. Darasin Iraƙi ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya san tuddan rairayin Tulo-Tulowa, ya san yadda iskar hunturu ke shigo da ƙura cikin akwatin da aka kulle, cikin tuwo, cikin haƙori, ya san cewa ƙarfen da aka shafa wa mai ya yi yawa a nan, kafin mako ya zama abin niƙa kansa. Ga zafin bazara da ke gasa harsashi a cikin mota, ga sifirin da ke gajiya in shekaru suka tura, ga harsashin da ba a san shekarar da aka yi shi ba. Sunan kamfani shaida ce cewa wata bindiga irin wannan ta ci jarrabawa a wata ƙasa, a wata shekara. Bai ce kome ba game da wannan da ke ƙugun kofur a hanyar Gashuwa zuwa Yusufari, ko yaushe aka kwance ta aka goge, ko yaushe aka canza mata sifirin, ko sau nawa mai ita ya harba ta a filin horo. A lura kuma, duk matsalolin can da aka ambata an gano su ne don akwai wanda ke karɓar koke, yana tarawa, yana da ikon tilasta wa kamfani. Inda babu wannan, bindiga sai ta yi ta cijewa a ce tsautsayi ne.

Hanyar da makaman zamani suka bi suka cika wannan yanki ba ta bar wurin irin wannan bin diddigi ba. A Disamban 2003, a Kanamma ta ƙaramar hukumar Yunusari, maƙwabciyar Yusufari, aka fara kai wa ofishin 'yan sanda hari aka kwashi makamai. Rikicin masu tayar da ƙayar baya na 2009 ya biyo baya, rumbunan makaman Libiya suka fashe a 2011, aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Barno da Adamawa a Mayun 2013. Ita kuwa dokar makamai ta 1959 tana nan har yau. Ta kasa bindigogi gida uku: masu ɗurin baki, waɗanda ake neman izininsu a matakin jiha, sai irin su bindigar harbin tsuntsu da ke buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, sai haramtattu da ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa, kuma fistol tana cikin wannan gida na uku tare da bindigogin yaƙi. Ma'anar wannan ita ce fistol a arewacin Yobe iri biyu ce. Ko dai ta hukuma ce, wadda aka saya da kuɗin jama'a, saboda haka ingancinta ya shafi kowa, ko kuma ta bayan fage ce. Ta bayan fagen nan ita ce cikakken cinikin biri a sama. An kankare lambarta, ba a san hannu nawa ta bi ba, wata ƙirar gida ce aka buga mata sunan kamfanin Turai, wata kuma ta harbin ƙara ce kawai aka sauya ta, ƙarfenta bai kai ya riƙe harsashin gaske ba. Mai sayarwa ba shi da gida sananne, mai saye ba shi da halin fita bayan gari ya gwada, ba shi kuma da inda zai kai ƙara. Jikan maharbin can da ya leƙa bututu a rana, in ya faɗa wannan ciniki, ya riƙe makamin da ya fi na kakansa haɗari, da sanin da bai kai na kakansa ba.

Akwai masu ja ta ɗaya ɓangaren. Suna cewa ai maharba da bindigar toka da kwari da baka ne suka taimaka aka ƙwato Maiha da Mubi daga hannun masu tayar da ƙayar baya a Nuwamban 2014, a Yobe ma 'yan banga da maharba sun tsare garuruwa da yawa, don haka tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Jaruntakarsu ba abin musu ba ce, da yawansu sun ba da rai. Amma abin da suka kawo fagen fama shi ne sanin daji, da iya bin sawu, da sanin ɗan gari da baƙo, da kuma shugaban da ya san kowane mutum nasa da sunan ubansa. (Su za su ƙara da laya da guru, wannan kuma tsakaninsu da Mahaliccinsu.) Bindigar tokar ita ce mafi rauni a cikin kayansu, shi ya sa duk wanda ya sami mai ɗurin baya a cikinsu bai waiwayi tsohuwar ba. Nasararsu hujja ce ga abin da nake faɗa: jama'ar da ta san juna tana iya cin moriyar makami marar kyau. Wasu kuma, ganin an gaza kare su, suna cewa a bar kowa ya mallaki tasa. Janar T. Y. Danjuma ya yi kira ga mutane su kare kansu a Jalingo a Maris na 2018, gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga a Yunin 2022. Ba na raina tsoron da ya haifi wannan magana, wanda aka kwana ana harbi a unguwarsu ba a yi masa wa'azin haƙuri da sauƙi. Sai dai fistol ba ita ce maganin wannan tsoro ba. Makami ne na kusa, ko a hannun gwani amfaninta bai cika wuce mita 50 ba, kuma gwanintar sai an ƙona ɗaruruwan harsasai a horo ana maimaitawa, wanda ba manomi ko ɗan kasuwar da zai iya. A gaban masu AK-47 a kan babura ba ta da ta cewa. Inda take da ta cewa shi ne cikin gida, da rigimar gona da burtali a fadama, da faɗan siyasa. Doguwar bindigar da ba ta ɓoyuwa, duk gari ya san wanda ya fita da ita, ɗurinta kuma yana cin lokacin da wani dattijo zai iya shiga tsakani. Ba kullum hakan ke hana ɓarna ba, an yi kisa da bindigar toka ba adadi, amma fistol mai harsashi 15 a ƙarƙashin babbar riga ta cire ko wannan ɗan jinkirin.

Saura fistol ta hukuma, kuma a nan ne ya kamata a fi matsa tambaya. Ban da tashi in an so da shiru in ba a so ba, akwai ma'auni na uku da masana'anta ba ta iya sa wa ƙarfe: bindiga ta kwana inda aka ce tana kwana. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019, wanda jaridu suka yayata a farkon 2022, ya ce makamai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba zuwa ƙarshen 2018, cikinsu har da AK-47 guda 88,078. Ko da an ce rabin wannan adadi kuskuren rubutu ne, kuskuren rubutun shi ne ainihin ciwon, domin littafin da ya kasa faɗin inda bindiga take ba zai faɗi ranar da aka duba lafiyarta ba. Haka nan in aka kashe direba ko ɗan acaɓa a shinge, akan ji an ce bindiga ce ta kuɓuce. Fistol ta zamani mai lafiya tana da makarai a ciki da ke hana ta tashi sai an ja kunama, saboda haka wannan magana ɗayan biyu take nufi, ko dai bindigar ta lalace ba wanda ya duba, ko kuma yatsa ne ya je inda bai kamata ba. Kowanne daga ciki akwai mai alhakinsa, kuma littafin ma'ajiyar makamai da aka riƙe da gaskiya zai nuna shi. An kafa cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai a Mayun 2021, an sabunta dokar DICON a 2023 don ta ƙara ƙera makamai a gida. In za a ƙera fistol a Kaduna, ko a sayo ta daga waje, babu dalilin da zai hana a kawo samfurinta Yusufari a tsakiyar hunturu, a ba jami'an da za su riƙe ta su harba dubbai a cikin ƙurar, a rubuta sau nawa ta cije, majalisa ta ga sakamakon kafin a biya kuɗi.

Shi ma maƙerin bai kamata a bar shi a duhu ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta Yunin 2006 kan ƙananan makamai ta nemi kowace ƙasa ta yi rajistar masu ƙera bindiga na gida, a kuma riƙa sa wa abin da suka ƙera alama. Abin da ya fi faruwa a zahiri shi ne kame da baje kolin kayan maƙera a gaban 'yan jarida, wasu da hakkinsu, tunda akwai masu yi wa ɓarayi aiki, wasu kuwa masu gyara wa maharba ne kawai. Sakamakon shi ne mai gaskiya ya daina taɓa bindiga, ko ya koma yi a ɓoye ba gwaji ba shaidu, aikin ya rage a hannun waɗanda ba su da sunan gida da za su ji wa tsoro. Ga shi kuwa mai ɗurin baki ita ce bindigar da doka ta fi sauƙaƙa wa talaka izininta, ita ce kuma har yau a hannun yawancin maharba da 'yan bangan da ake turawa gaba in an shiga daji. Najeriya ba ta cikin hukumar nan ta Liège, kuma babu wani gidan gwaji da maƙerin Gashuwa ko Nguru zai kai bututunsa a harba, a buga masa hatimi, a rubuta sunansa da na wanda ya saya.